Harawa tana lalacewa tun a gona: mu duba ganye

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san darajar harawa in rani ya tsananta. Da ita muke kiwon ragon layya, da ita saniya take riƙe nononta. Amma akwai cutar da ke cinye harawar gujiya da ta wake tun shuka tana ƙarama.

Ƙwayar wannan cuta ana ce mata birus. Ido ba ya ganin ta. Abin da muke iya gani shi ne ɓarnarta a jikin ganye, da kuma ƙwaron da ke yaɗa ta, wato darɓa, ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu taruwa a ƙarƙashin ganye suna tsotsar ruwan shuka. In darɓa ta sha a jikin shuka mai ciwo, ta koma kan lafiyayya, to ta kai mata cutar.

Dattawanmu ba su manta da shekarar 1975 ba, lokacin da kuturtar gujiya ta halaka gonaki a arewacin Najeriya da kudancin ƙasarmu.

Yaya za mu gane ta? Lokacin noman fari da na maimai, mu duƙa mu dubi sabon ganye na tsakiyar shuka. A gujiya, ganyen yakan ƙanƙance, ya yi rawaya, ya nannaɗe, shukar kuma ta tsugune ta dunƙule wuri guda. A wake, ganyen yakan yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya yamutse.

A nan ne da yawanmu muke kuskure, mu ce yunwar taki ce. Yunwar taki takan fara daga tsofaffin ganyaye na ƙasa, ta kama yanki guda baki ɗaya. Ita kuwa cutar, sai ka ga shuka ɗaya nan, wata can, lafiyayyu na tsakaninsu. In mun yi shakka, mu kira malamin gona. Ana iya aika ganyen wurin masu bincike irin na INRAN, su auna shi.

Shukar da ta kamu ba ta warkewa. Feshi yana kashe darɓa ne kawai. Mu tumɓuke ta da wuri, mu fitar da ita daga gona mu binne. Gujiyar gyauro ma mu cire ta, domin a jikinta cutar take ɓuya. Shuka da ruwan fari, kusa da kusa, tana rage ɓarna.

Kuturtar gujiya ba ta bin iri, amma ta wake tana bi. Kada mu aje iri daga waken da ganyensa ya yi dabbare-dabbare.

Wasu suna tambayar mu ko bisashe za su kamu in sun ci. A'a, cutar shuka ce kaɗai. Asarar ita ce inda muka saba ɗaure damma da yawa, ɗan kaɗan za mu samu.