Hanyar Zama Mataimakin Likita, Daga Dingaya Zuwa Asibitin Koyarwa

Idan damina ta yi nisa a ƙasar Gwaram, watau daga watan Agusta har zuwa kaka, ba abin da ya fi yawa a ƙofar ɗakin shan magani kamar mata masu goye da yara masu zazzaɓi. A gari irin Dingaya, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin Jihar Jigawa, mutumin da uwa za ta tarar a bayan tebur galibi ba likita ba ne, ko da yake jama'a "likita" suke ce masa don girmamawa. Shi zai duba yaron, ya yanke shawara ko ciwon na nan ne, ko kuwa a nemi mota a garzaya Birnin Kudu inda Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya take. Cikin 'yan mintoci yake yanke wannan shawara, kuma sau da yawa ita ce takan zama sanadin tsirar yaron.

Ɗaliban kimiyya da dama kan ci karo da labarin wani fannin karatu a jami'o'in Amurka da ake kira karatun mataimakin likita, sai su tambayi malamansu yadda ake shiga. Amsar gaskiya ita ce, a tsarin aikin gwamnati a Nijeriya babu muƙami mai wannan suna. Amma aikin yana nan, da masu yinsa, da makarantun koyonsa, kuma mafi kusa da shi shi ne muƙamin Jami'in Kiwon Lafiyar Al'umma, wanda ake taƙaita sunansa da CHO.

Inda sana'ar ta samo asali

Ƙarancin likitoci ne ya haifi wannan sana'a a duk inda ta ɓulla. A Amurka, Dakta Eugene Stead na Jami'ar Duke ne ya buɗe ajin farko a shekarar 1965 da mutum huɗu, dukkansu tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa waɗanda hannunsu ya riga ya saba da marasa lafiya. Rukunin farko ya kammala a 1967. A yau mai son shiga can sai ya fara samun digirin farko, da darussa a kan ginin jikin ɗan Adam da aikin gaɓoɓinsa da ilmin ƙwayoyin cuta, yawancin makarantu kuma sukan so ya nuna ya yi aiki na sa'o'i masu yawa da majinyata. Sa'an nan ya yi karatun digiri na biyu na shekara biyu da 'yan watanni, ya ci jarrabawar ƙasa, kafin a ba shi izinin aiki tare da likita.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, Afirka ta riga Amurka a wannan fage. Kenya ta fara horar da irin waɗannan jami'ai tun 1928. A Nijeriya an buɗe Makarantar Koyon Aikin Likita ta Yaba a 1930, kuma waɗanda ta yaye a matsayin mataimakan likita suka fara aiki. A tsakiyar shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe makamanciyarta a Kano, sai dai ba ta daɗe ba. Ghana kuwa ta kafa makarantar Kintampo a 1969, ta kuma riƙe tsarin har ya kai ga yau wasu jami'o'inta na ba da digiri a wannan fanni.

Tsarin da Nijeriya ke bi yanzu ya taso ne a ƙarshen shekarun 1970. A 1978 aka yi babban taron ƙasashen duniya a Alma-Ata, inda aka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko, kusa da gidajen mutane, shi ne tushe. A daidai wannan lokaci aka fara horar da jami'an CHO a asibitocin koyarwa na jami'o'i. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ƙarfafa tsarin ya ɗora shi a kan ƙananan hukumomi. A 1992 aka kafa hukumar da ke rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma ta ƙasa, wadda ita ke tantance makarantu, ta shirya jarrabawar ƙarshe, ta ba da lasisi.

Tsani mai hawa uku

Ba a shiga karatun CHO kai tsaye daga sakandare. Tsani ne, sai an taka na ƙasa. Hawa na farko shi ne ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma, watau JCHEW, karatun shekara biyu, wanda mafi yawan aikinsa cikin gari yake, gida-gida. Na biyu shi ne CHEW, karatun shekara uku; ɗalibin da takardunsa suka cika yana iya fara wa daga nan ba sai ya bi ta na farkon ba. Ana koyar da su duka biyun a kwalejojin kimiyyar lafiya, kuma Jihar Jigawa na da tata a Jahun. Wanda ya gama CHEW, ya sami lasisi, ya yi 'yan shekaru a bakin aiki, shi ne zai iya neman hawa na uku, karatun CHO na shekara biyu a asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da ke Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri da Jos.

Ga ɗalibin da ke ajin ƙarshe na sakandare a Gwaram ko Birnin Kudu, abin da ke gabansa ke nan: kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fizis, a zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka. Makarantun da suka koma tsarin diflomar ƙasa sukan nemi a biyo ta jarrabawar JAMB, wasu kuma sukan sayar da fom nasu su yi jarrabawar shiga da ganawa. Sharuɗɗan kan ɗan sauya daga shekara zuwa shekara, saboda haka sanarwar makarantar ta wannan shekarar ita ce abin dogaro, ba labarin wani da ya shiga shekara biyar da suka wuce ba.

A nan ya kamata a faɗi wata magana mai ɗaci. Kiredit ɗin da aka samu ta hanyar satar amsa yakan kai mutum ƙofar makaranta, amma jarrabawar shiga da ta ƙarshen zangon farko sukan tona asiri, domin a nan ake tankaɗe da rairaya. Kemistiri da Fizis su ne suka fi kayar da ɗaliban karkara, kuma ba don rashin basira ba ne. Yaron da bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawa, ba a yi masa adalci ba.

Me Bayoloji zai yi a ɗakin shan magani?

Ɗalibai kan ɗauka darussan nan shinge ne kawai da aka gitta musu. Ba haka ba ne, kuma misalai kaɗan za su nuna.

A ɗauki yaron da aka kawo yana tari da zazzaɓi. A ƙauye babu na'urar ɗaukar hoton ƙirji, amma akwai agogo. Ma'aikacin zai ɗage rigar yaron ya ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Idan jariri ɗan wata 2 zuwa 11 ya kai numfashi 50 ko fiye, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40 ko fiye, ana zaton ciwon huhu, watau limoniya. Dalili kuwa yana cikin darasin numfashi na aji biyu: 'yan ƙananan jakunkunan iska da ke cikin huhu sun cika da ruwa da ruɓa, iskar oksijin ba ta shiga jini yadda ya kamata, sai jiki ya rama da saurin numfashi. In kuwa ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki duk lokacin da yaron ya ja numfashi, ciwon ya ƙara tsanani. Wanda ya fahimci dalilin ba zai manta da ƙa'idar ba, wanda ya haddace ta kawai kuwa yana iya rikicewa ranar da layi ya yi tsawo.

Haka ruwan gishiri da sukari da ake bai wa mai gudawa. Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. A bangon ƙaramin hanji akwai wasu ƙofofi da ke shigar da sinadarin sodiyam na gishiri tare da sukarin gulukos, ba sa ɗaukar ɗaya sai da ɗayan, kuma duk inda suka bi ruwa na biye da su zuwa cikin jini. Waɗannan ƙofofi suna ci gaba da aiki ko a lokacin kwalara. Shi ya sa awo ke da muhimmanci: idan babu ƙunshin da aka haɗa a masana'anta, ana zuba cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin gishiri, a shafe, cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. In sukari ya yi yawa, sai ya janyo ruwa daga jiki zuwa hanji, gudawar ta ƙaru. Ma'aikacin da ya san wannan zai iya fahimtar da uwa dalilin da ya sa ba a ƙara sukari don daɗin baki.

Ga kuma zazzaɓin cizon sauro. Ɗan katakon gwajin gaggawa, wanda ake ɗiga wa jini daga yatsa, yana gano wani sinadari da ƙwayar cutar ke fitarwa, ya ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20. Da shi ake bambanta zazzaɓin sauro da sauran zazzaɓi, domin ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Sai tef ɗin awon dantse mai launi uku: yaron da ke tsakanin wata 6 da shekara 5, idan dantsensa bai kai santimita 11.5 ba, ya faɗa cikin ja, alamar tamowa mai tsanani. Mai ciki kuma idan awon jininta ya kai 140 bisa 90, ana sa mata ido sosai don gudun jijjiga. Allurar rigakafi ita ma sai an ajiye ta tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyos, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a watan Afrilu a ƙasar Jigawa.

Malamin Bayoloji na iya fara wannan horo a ajinsa ba tare da kashe ko kwabo ba. Ya sa ɗalibai su ƙirga bugun jinin juna da numfashinsu a zaune, su zagaya fili da gudu su sake ƙirgawa, su zana jadawali su yi bayanin bambancin. Darasi ɗaya irin wannan ya fi shafi goma na kwafe daga allo.

A yi hattara da makarantun bogi

Yawan masu neman gurbi ya sa makarantu masu zaman kansu sun yawaita a Arewa, wasu nagari, wasu kuwa shago ne kawai da allon suna. Uba zai sayar da tumaki ko amfanin gona ya biya kuɗin shekara uku, a ƙarshe a tarar hukumar rajista ba ta san da makarantar ba. Ɗalibin da hukumar ba ta shigar da sunansa cikin kundinta tun farkon karatu ba, ba zai zauna jarrabawar ƙasa ba, kuma in babu jarrabawar babu lasisi, in babu lasisi babu aiki. Kafin a biya kuɗin fom, a tambaya a ga shaidar tantancewa ta wannan kwas ɗin kansa, domin makaranta na iya samun izinin wani kwas ta rasa na wani. A kuma tambayi yawan ɗaliban da aka yarje mata ta ɗauka, don akwai masu ɗibar fiye da adadin, sauran su tashi a tutar babu.

Batun 'yan mata yana buƙatar kulawa ta musamman. A karkararmu mata da yawa ba sa sakin jiki su bayyana lalurarsu ga namiji, wasu mazan ma ba sa barin iyalinsu zuwa awon ciki in ba mace ce a wurin ba. Ma'aikaciyar da aka turo daga birni kuwa ba ta cika daɗewa a ƙauye ba. Don haka ne wani shiri mai tallafin gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 2012 a jihohin Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara yana ba su karatun share fage don su cike kiredit ɗinsu su shiga makarantun lafiya, bisa alkawarin za su koma garuruwansu su yi aiki. Yarinyar Gwaram na da wata dama a kusa da gida, domin kwalejin koyon jinya da ungozoma tana nan Birnin Kudu, ko da yake wannan hanya ce daban, da hukumarta daban.

Saura iyakar aikin. Jami'in CHO yana duba marasa lafiya, ya rubuta magani, ya shugabanci cibiyar lafiya, ya kula da ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa, amma duk yana yi ne bisa wani littafin ƙa'idoji da gwamnati ta tsara, wanda ya fayyace abin da zai yi ga kowace alamar ciwo da inda zai tsaya ya tura gaba. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar sauƙaƙa rabon ayyuka, wadda ta ƙara wa ma'aikatan lafiyar al'umma wasu ayyukan kula da masu ciki da haihuwa bayan an ba su horo. Duk da haka ba sa yin tiyata, kuma tsanin nan ba ya kai wa ga zama likita. Wanda burinsa likitanci ne, hanyarsa ita ce JAMB da karatun shekara shida a jami'a, sa'an nan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti.