Daga Ƙofar Baru zuwa Abuja: Yadda tsarin shafin intanet ya riƙe sakamakon zaɓen shugaban ƙasa

A ranar Asabar 25 ga Fabrairun 2023, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya kaɗa ƙuri'arsa a rumfa mai lamba 003 da ke Ƙofar Baru, a mazaɓar Sarkin Yara A cikin birnin Daura.

Ƙa'idar da hukumar zaɓe ta INEC ta shimfiɗa wa wannan rumfa ita ce ta shimfiɗa wa kowace rumfa a ƙasar. Idan an gama ƙirga ƙuri'u, jami'in zaɓe zai cike takardar sakamako ta EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, sannan a ɗauki hotonta da na'urar BVAS a tura shafin IReV, inda duk mai waya zai iya dubawa.

A ranar, takardun zaɓen sanatoci da na 'yan majalisar wakilai sun riƙa hawa shafin. Na shugaban ƙasa kuwa sun ƙi shiga, har dare ya yi. Mutane da dama sun ɗora laifin a kan rashin sabis, wasu suka ce maguɗi ake shiryawa. Bayanin da hukumar ta bayar daga baya ya nuna wani wuri dabam, wato yadda aka jera bayanai a cikin shafin.

Takardar da ta rasa gida

A rahoton da ta fitar kan zaɓen a watan Fabrairun 2024, INEC ta ce an gina rumbun bayanan shafin ne bisa jihohi. Kowane zaɓe yana rataye a jikin wata jiha, daga nan ya sauko zuwa ƙaramar hukuma, sai mazaɓa, sai rumfa. Kujerun sanata 109 da na majalisar wakilai 360 kowace tana da jihar da take ciki, don haka manhajar ta san inda za ta ajiye takardunsu.

Zaɓen shugaban ƙasa shi kaɗai ne ba na wata jiha ba, domin mazaɓarsa ita ce Najeriya baki ɗaya. Duk takardar da ta iso, sai manhajar ta nemi jihar da za ta buɗe mata wurin ajiya a ƙarƙashinta ta rasa, sai ta mayar da saƙon kuskure. Rahoton ya ce sai da ƙarfe 8:55 na dare aka yi nasarar ɗora takardar farko ta zaɓen shugaban ƙasa.

Jam'iyyun adawa ba su gamsu da cewa tangarɗar na'ura ce kawai ba, kuma batun ya shiga cikin ƙarar da suka kai kotu. A ranar 26 ga Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gazawar shafin ba ta isa ta rushe zaɓen ba, tun da ba a kansa ake tattara sakamako a hukumance ba. Hukuncin ya rufe shari'a, amma zargin da sa'o'in nan suka haifar yana nan a bakin jama'a.

Tsani mai hawa huɗu

Najeriya tana da rumfunan zaɓe 176,846 tun bayan da INEC ta ƙara guda 56,872 a 2021. Da za a zuba takardunsu a shafi ɗaya, babu mai haƙurin da zai gano ta unguwarsu. Shi ya sa aka yi wa shafin tsani: jihohi 36 da Abuja, ƙananan hukumomi 774, mazaɓu 8,809, sannan rumfuna.

Mutumin Daura da ke neman sakamakon Ƙofar Baru zai zaɓi Katsina daga jerin jihohi, ya zaɓi Daura daga cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar, ya zaɓi Sarkin Yara A daga mazaɓun Daura 11, sannan ya taɓa rumfarsa. A kowane mataki abin da ke gabansa bai wuce abin da ido zai iya bi ba. Wannan tsanin ne a jikin katin zaɓe, inda lambar rumfa take da kashi huɗu, kuma ta duk wanda ya yi rajista a jihar Katsina tana farawa da 20.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Daura. Daga fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, saƙo yana sauka ne ga hakimi, daga shi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, wanda ya san kowane gida da mai shi. Baƙon da ya sauka a tasha yana neman wani, tambayar farko da za a yi masa ita ce wace unguwa. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in akwai wanda aka ajiye domin ya ba shi amsa.

Me ya sa akwatin bincike bai wadatar ba?

Wasu masu gina shafuka suna ganin idan aka sa akwatin da mutum zai rubuta abin da yake nema, an gama aiki. Sunayen garuruwan Hausa sun isa su nuna gajiyawar wannan tunani.

A cikin mazaɓun Daura akwai Sabon Gari, akwai Tudun Wada. Amma Sabon Gari ƙaramar hukuma ce a jihar Kaduna, Tudun Wada kuma ƙaramar hukuma ce a jihar Kano, ban da unguwanni masu waɗannan sunaye a garuruwa da yawa. Wanda ya rubuta Zango yana iya nufin ƙaramar hukumar da ke masarautar Daura, na'ura kuma ta kawo masa Zangon Kataf. Suna kaɗai ba ya rarrabe su, sai an ga abin da ke samansa a tsani.

Akwai kuma rubutu. Ana rubuta Mai'adua, ana rubuta Mai'aduwa, wasu ma ba sa sa alamar da ke tsakiya. Mai wayar da ke da haruffa masu lanƙwasa zai rubuta Ƙofar Baru, takardun hukuma kuma suna ɗauke da Kofar Baru. A wurin kwamfuta waɗannan kalmomi biyu ne dabam, sai dai idan mai gina shafin ya koya mata cewa abu ɗaya ne.

Rumfa ɗaya, iyaye da yawa

Babbar wahalar ita ce abu ɗaya yakan zauna a tsani fiye da ɗaya. Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5: Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua. A majalisar wakilai an raba su gida biyu, Daura da Sandamu da Mai'adua a kujera ɗaya, Baure da Zango a ɗaya. A majalisar dattawa kuma dukkansu suna cikin mazaɓar Katsina ta Arewa, wadda ake kira shiyyar Daura, tare da irin su Mani da Mashi da Kankiya waɗanda ke ƙarƙashin masarautar Katsina.

Ke nan rumfar Ƙofar Baru tana da hanyar da ta bi zuwa kujerar majalisar wakilai, da wata zuwa kujerar sanata, da wata zuwa kujerar shugaban ƙasa. Shafin da ya san hanya ɗaya tak zai yi aiki lafiya har ranar da aka kawo masa abin da bai dace da hanyar ba. An fara amfani da IReV a watan Agustan 2020, a zaɓen cike gurbi na majalisar dokokin jihar Nasarawa, kuma duk zaɓukan da ya ɗauka kafin 2023, har da na gwamnonin Anambra da Ekiti da Osun, a cikin jiha ɗaya aka yi su. Zaɓen shugaban ƙasa ne ya fara zuwa masa da siffar da bai taɓa gani ba.

Abin da masana suka daɗe suna faɗa

Jera bayanai fanni ne mai zaman kansa. Tun a 1876 Melvil Dewey na Amurka ya fitar da tsarin lambobin da ɗakunan karatu da yawa ke jera littattafai da shi har yau. A 1998 wasu masana harkar laburare biyu, Louis Rosenfeld da Peter Morville, suka wallafa littafin da ya kawo wannan ilimi cikin ginin manyan shafukan intanet.

Shawarwarin fannin ba su da wuyar fahimta. A sa wa kowane sashe sunan da masu amfani da shi suke kiransa. A nuna wa mai karatu inda yake da hanyar da ya biyo, domin ya iya komawa baya. A buɗe ƙofa fiye da ɗaya zuwa abu guda, ta tsani da ta bincike da ta lamba. Kafin a gina, a rubuta sunayen sassan a kan katuna a ba mutanen gari su tara su yadda suka ga ya dace, a kuma gwada shafin da abin da ya fi kowane fita dabam.

Gwamnatin Birtaniya ta bi wannan hanya a 2012 da ta buɗe shafin GOV.UK, inda ta jera bayanai bisa buƙatar ɗan ƙasa, kamar fasfo ko haraji ko lasisin tuƙi, ba sai ya san ma'aikatar da ke kula da su ba.

Darasin ya wuce zaɓe. Daura tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri ta tarayya, kuma neman gurbin karatu a cikinsu ta intanet yake bi, daga rajistar JAMB zuwa biyan kuɗin makaranta. Ɗalibin da ya taso daga ƙauyen Baure ko Sandamu da ƙaramar waya da data ta kwana ɗaya, duk shafin da ya buɗe bisa kuskure kuɗi ne ya tafi. Idan ya gaji ya nufi shagon kwamfuta, sai ya biya wani ya nemo masa abin da tun asali kyauta aka ajiye domin shi.

Ga wakilin jam'iyya da ya sa hannu a takardar EC8A a Kusugu ko Mazoji, amfanin shafin shi ne ya ga hoton takardar nan a wayarsa tun bai bar rumfa ba, ya gwada shi da kwafin da ke hannunsa. Ko zai samu hakan a zaɓe mai zuwa, ya danganta ne da ko an tanadar wa kowace takarda wurin zamanta tun kafin ranar ta zo.