Digirin digirgir: Abin da hoton Facebook ba ya nunawa

Hoton hula da rigar yaye ɗalibai kawai muke gani. Ba ma ganin babi na uku da ya yi wata huɗu a teburin sufabaiza, ko yajin aikin ASUU na 2022 da ya cinye wata takwas. Ga 'yan uwa kullum: "Wai har yanzu ba ka gama ba?"

Sau da yawa guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji ne ke riƙe su. Wannan ya turo maƙalar da ta ƙi samuwa, wancan ya koya wa wani SPSS da tsakar dare. Don haka in abokinka ya yi ɗif a guruf, kira shi. Ba kowane shiru ne karatu ba.