Maɓallin Jan Kaya: Abin da Masu Motocin Ɗaukar Lodi Ya Kamata Su Sani

Duk wanda ke bin titin Ahmadu Bello ko na Audu Bako a Nassarawa GRA zai lura da yadda motoci masu buɗaɗɗen baya suka yawaita. Hilux ce kan gaba, amma ga Tundra, ga Ford F-150, ga Silverado, yawancin waɗannan ukun an shigo da su ne bayan sun gama aiki a Amurka. Da dama masu giyar atomatik ne. A ranakun mako sukan kai yara makaranta, a ƙarshen mako kuma a ɗaura musu tirelar doki, ko janareta mai taya, ko a cika bayansu da buhunan taki a nufi gona a Kura ko Kadawa. A cikin irin waɗannan motocin Amurka akwai wani maɓalli da aka rubuta wa Tow/Haul, wani a bakin sandar giya, wani a jikin dashbod. Direbobi da yawa ba su taɓa danna shi ba, wasu kuma an ce musu shan mai kawai yake ƙarawa.

Babban abokin gabar giyar atomatik zafi ne, kuma maɓallin nan don yaƙi da zafi aka yi shi. A mota mai giyar hannu kuloci ne ke haɗa inji da giya. A atomatik kuwa, abin da ke tsakaninsu wata tukunyar ƙarfe ce cike da man giya, mai fukafukai biyu a ciki. Kamar fanka biyu ne da aka ajiye suna fuskantar juna: ka kunna ɗaya, iskarta ta juya ɗayar. A nan mai ne ke yin aikin iska. Fiffiken da ke ɓangaren inji kullum yana ɗan fin ɗayan gudu, kuma wannan bambanci shi ke komawa zafi. Idan nauyi ya ƙaru, sulɓin ya ƙaru, mai ya ƙara zafi. Akwai wani ƙaramin kuloci a cikin tukunyar da ke kulle fukafukan biyu su zama abu guda idan tafiya ta miƙa, a lokacin ne sulɓin ke tsayawa.

Kwamfutar mota an saita ta ne don tattalin mai. Da zarar ta samu dama sai ta haura giya ta sama domin inji ya yi juyi kaɗan. Mota babu kaya, wannan daidai ne. Amma ka ɗora mata tan guda, wato buhun siminti 20 ko tankin ruwa mai lita 1,000, ka kama ɗan tudu. Za ta haura giya ta shida, ƙarfi ya gaza, ta sauko ta biyar, ta ɗan samu gudu, ta sake haurawa. Haka za ta yi ta kai-komo, kuma duk canji guda faifan kulocin cikin giya suna gogar juna. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, lagireto da ke sanyaya man giyar shi kansa yana fama. Man giya yana son zama tsakanin digiri 80 zuwa 95. Idan ya daɗe sama da 120 sai ya fara ƙonewa, launinsa ya bar ja ya koma baƙi-baƙi, robobin da ke riƙe shi su ƙandare. Motar ba za ta tsaya a ranar ba. Bayan watanni ne za ta fara jinkirin shiga giya, ta fara fizga, mai ita ya tsinci kansa a kasuwar Ƙofar Ruwa yana cigiyar giyar gwanjo, yana zargin wanda ya sayar masa da motar.

Idan aka danna maɓallin, kwamfutar tana sauya tsarin tunaninta. Tana riƙe kowace giya ta daɗe kafin ta haura, don inji ya zauna a inda ƙarfinsa yake. Tana rage kai-komon nan. A motoci da yawa tana saurin kulle fukafukan tukunyar don sulɓi ya ragu. Za ka ji ƙugin inji ya ƙaru, allurar juyi ta tsaya sama da inda ka saba gani. Ba matsala ba ce, aikinsa ke nan. Kamfanin General Motors ya sa wannan maɓalli a Silverado tun ƙirar 1999, Toyota kuma ta sa shi a babbar Tundra da ta fito a 2007.

Amfaninsa a gangara, a ganina, ya fi na hawa muhimmanci, domin nan rai ne a ciki ba kuɗi kaɗai ba. Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, shi ya sa direbanmu ba ya sabawa da doguwar gangara sai ya doshi Jos ta Falgore da Saminaka, ko ya sauko ta Hawan Kibo zuwa Akwanga. Wanda ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa, da tirela a baya tana tura shi, yana dafa birkinsa ne. Man birki irin DOT 3 yana tafasa a digiri 205 idan sabo ne, amma idan ya tsufa ya tsotsi danshi, 140 ma ya isa. Da ya tafasa sai ƙafa ta nutse har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Da maɓallin a kunne, ka ɗan taɓa birki a gangara sai giya ta sauko da kanta, inji ya riƙe motar, birki ya samu sararin hucewa. Ɗabi'ar nan ta sakin mota a firi, wato mayar da giya N a gangara don ragin mai, kishiyar wannan ce kai tsaye, kuma ganganci ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowa yana lissafin lita, amma motocin zamani da kansu suke yanke mai idan ka ɗaga ƙafa daga totur alhali giya tana ciki.

To mai Hilux fa? Yawancin waɗanda ke yawo a nan ba su da wannan maɓalli. Na PWR da ke jikinsu yana ƙara kuzarin tashi, amma ba madadinsa ba ne. Abin yi shi ne a tura sandar zuwa S a taƙaita ta a giya ta huɗu idan ana jan nauyi, a sauko ƙasa da haka a gangara. A tsofaffin motoci masu giya huɗu, maɓallin O/D OFF ne ke hana ta shiga giyar ƙarshe.

Sai dai a kula, maɓallin ba ya ƙara wa mota ko kilo ɗaya a kan abin da aka ƙera ta ta ɗauka. Iyakar lodi tana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba da cikin littafin motar. Tirelar da ba ta da birkin kanta, masu ƙera motoci da dama kilo 750 suka yanke mata, kuma tirelolin da ake haɗawa a wurin masu walda galibi ba su da birki. Doki biyu da nauyin tirelarsu sun wuce wannan nesa ba kusa ba. Haka kuma a kashe maɓallin idan hanya tana santsi, kamar laka bayan ruwan Agusta, domin saukar giya farat ɗaya kan iya sa tayoyin baya su zame. Mota babu kaya a cikin gari ba ta buƙatarsa. A motoci da yawa kuma yana mutuwa idan aka kashe inji, don haka bayan an tsaya salla ko shan mai sai a duba ko fitilarsa tana nan a dashbod.

Akwai wani ruɗani da ke cinye giya a titunan Kano. Maɓallin na motar da ke ja ne, ba na wadda ake ja ba. Idan atomatik ta mutu a hanya aka ɗaura mata igiya, famfon da ke zagaya da man giyarta ba ya aiki tunda inji ne ke juya shi. Ƙarafunan ciki za su yi ta juyi babu isasshen mai ko da tana N. A matsar da ita gefen titi ba laifi, amma daga Nassarawa zuwa garejin bakanike a wata unguwa, a nemi motar da za ta ɗauke ta gaba ɗaya, ko a kwance sandar da ke kai juyi zuwa tayoyin baya kafin a ja.