Daga Gidan Mari Zuwa Ƙofar Doka: Haƙƙin Wanda Aka Tsare

A watan Oktoba na 2019 sunan Limancin Kona ya shiga bakin 'yan jarida, ba don karatun da aka san unguwar da shi tun kaka da kakanni ba. Jami'an tsaro ne suka shiga wani gidan mari a wannan unguwa ta cikin birnin Zariya suka fito da mutane, wasu da sasari a ƙafa, wasu da tabon duka a gadon baya. Kafin nan, a watan Satumba, an fitar da sama da mutum 300 daga wani gida irinsa a Rigasa ta Kaduna. Akasarin waɗannan bayin Allah iyayensu ne suka kai su da hannunsu, saboda shaye-shaye ko ƙiriniya, har suna biyan kuɗin wata. Iyayen ba mugunta ce ta kai su ba, dabara ce ta ƙare musu. Amma tunanin da ya sa suka kau da kai shi ne dai wanda yake cikin zukatanmu game da gidan yari: wai wanda ya yi laifi, duk abin da ya same shi shi ya ja.

Doka ba haka ta ce ba. Hukuncin ɗauri shi ne raba mutum da 'yancin walwala, iyakarsa ke nan. Alƙali bai yanke masa yunwa ba, bai yanke masa ƙazuwa ko tarin fuka ba. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, bai kuma ware fursuna ba. A 2017 aka yi doka ta musamman da ta mai da azabtarwa laifi, ko ɗan sanda ne ya aikata. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a 2015 ta sabunta ƙa'idojin kula da fursunoni, ta sa musu sunan Nelson Mandela wanda ya shekara 27 a tsare. Cikinsu akwai ba wa fursuna abinci mai gina jiki, da ruwan sha, da likita kyauta, da aƙalla awa guda ta shan iska kullum, da hana kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere.

Kada wani ya ce zancen Turawa ne. Malaman Kona sun san Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa. A cikin Kitabul Kharaj ya shawarci Halifa Haruna Rashid da a ciyar da fursunoni daga baitulmali, a ba su tufafin sanyi da na zafi, kada a bar Musulmi cikin marin da zai hana shi tsayuwar salla, wanda ya rasu ba shi da kowa a yi masa sutura. Har ya ce a riƙa ba su kuɗi a hannu duk wata, don in gurasa aka bayar masu gadi za su cinye. Shekara fiye da 1,200 ke nan, amma kai ka ce jiya ya leƙa kurkukunmu. A Disamban 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa 'yan majalisa cewa naira 750 ake ware wa fursuna a rana, karen hukumar kuwa naira 800. Daga baya an ƙara kuɗin zuwa 1,125. Mai zuwa kasuwa ya san abin da wannan zai saya, bayan ɗan kwangila ya cire ribarsa. Shi ya sa a ranar ziyara za ka ga uwa tsaye a ƙofar gidan yari da kular abinci, gandiroba ya sa ta ɗanɗana loma kafin a shigar, don ɗanta ya huta da gabza ko na yini ɗaya.

Babban abin takaicin ma shi ne, wajen biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba. Jiran shari'a suke yi, alhali sashe na 36 ya ce mutum ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar. Yadda abin yake faruwa sananne ne. 'Yan sanda su kai mutum kotun majistare a kan tuhumar da kotun ba ta da hurumin saurara, kamar fashi. Majistare ya ce a ajiye shi har a sami shawarar ma'aikatar shari'a. Fayil ya kwanta, ɗan sandan da ya yi bincike a yi masa canjin wurin aiki, yau babu motar kai fursuna kotu, gobe mai gabatar da ƙara bai zo ba. Wani sai ya zarce shekarun da za a ɗaure shi da an same shi da laifin. Wasu kuma tara ce kawai ta riƙe su: a Nuwamban 2023 ma'aikatar cikin gida ta fara sakin mutum 4,068 bayan an tara naira miliyan 585 an biya musu.

Dokar 2019 da ta sauya wa gidan yari suna zuwa gidan gyaran hali ta kawo hukunci ba tare da ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima, ta kuma ba hukumar ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan wuri ya cika. A takarda ta yi kyau. A aikace ɓarawon akuya na kwana ɗaki ɗaya da gogaggen ɗan fashi, ya fito da sana'ar da bai shiga da ita ba, kuma unguwarmu zai dawo.

Gidan yarin Zariya yana nan Ƙofar Doka, ba nisa da Limancin Kona. Mai ɗan'uwa a ciki ya nemi lambar ƙararsa da sunan kotun, ya kai wa hukumar ba da lauya kyauta ta Legal Aid ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ya kuma sa ido kan ziyarar da Babban Jojin jiha kan kai don sallamar waɗanda suka daɗe. Masallatan Limancin Kona da masu hali su ware wani abu don biyan tara da ƙananan basussukan da suka riƙe talakawa, dattawa kuma su daina gudun tsayawa beli ga yaron da suka san asalinsa. Wanda ɗansa ya faɗa shaye-shaye ya kai shi asibiti, kada ya miƙa shi ga mai sasari.