Yaran da ƙarar babur ke hana barci

Yau gida zan kai ku, yankinmu na Safana da Batsari, bakin dajin Rugu. Wasu in suka ji an ce Bahaushen Katsina kuma Kirista, sai su zaro ido. To, akwai mu, ni ma a coci na tashi. 'Yan uwana Musulmi kada ku wuce, don ciwon da zan yi magana a kansa bai bar gidan kowa ba.

Ku yi lissafi da ni. Yaron da yake ɗan shekara goma a Fabrairun 2020, lokacin da aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, yanzu ya zama saurayi. A Disambar wannan shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da namu, ba ka da halin kira ka ji ko mahaifiyarka ta kwana lafiya. A cikin wannan ƙannenmu suka girma.

Akwai wata yarinya a zumuntar matasanmu, ba zan faɗi sunanta ba. Iyayenta sun baro ƙauye sun koma Dutsin-Ma. Babu wanda ya taɓa ta, amma in babur ya wuce da dare sai gabanta ya yanke ya faɗi, zufa ta keto mata, numfashi ya ƙi shiga. Ranar da ta gaya wa wata dattijuwa, amsar da ta samu ita ce: ƙara addu'a, bangaskiyarki ce ta yi sanyi. Sai ciwo ya zama biyu. Ga tsoron 'yan bindiga, ga tsoron wai Allah na fushi da ita.

Bari in faɗa muku abin da ke faruwa a jikinta. Cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da aikinsa gadi ne. Da ya hango haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya tafi ƙafafu, don a tsere. Wannan shi ya ceci mutanenmu da dama a daren hari. Matsalar ita ce mai gadin da ya sha ganin masifa ba ya yarda cewa an wuce wurin. Babur ɗin ɗan acaɓa da na ɗan bindiga duk ɗaya ne a kunnensa. Wannan ita ce fargaba, ba iska ba ce, ba jifa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, ina ga yaran bakin daji?

Abin da ke ba ni haushi, Littafi Mai Tsarkin da ake bugun yaran nan da shi bai yi musu haka ba. Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya, wanda ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al, da Yezebel ta aiko masa da barazana sai ya gudu jeji, ya kwanta gindin itace ya roƙi mutuwa. Me aka yi masa? Mala'ika ya tashe shi ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake ciyar da shi. Sai bayan nan aka zo magana, ita ma da tambaya aka fara, ba da faɗa ba. Yesu kansa a Getsamani ya gaya wa almajiransa uku nauyin da ke ransa, ya nemi su zauna da shi.

Wannan tsarin muka ɗauka. In yaro ya zo, muna fara tambaya: ka ci abinci? Kana barci? Hotunan gawarwakin da ake turowa WhatsApp, ka daina buɗe su da dare. Muna koya musu jan numfashi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, suna maimaita ayar Zabura da suka haddace. Numfashin na rage gudun zuciya, ayar na riƙe tunani. Kuma muna barinsu su faɗa wa Allah gaskiya, har da cewa sun ji haushi. Zabura cike take da irin wannan kukan.

Baba Fasto, Mama, akwai inda addu'a ke buƙatar rakiya. Yaron da ya yi makonni ba barci, ya daina ci, ya ƙi makaranta, ko ya fara zancen gara ya mutu, a kai shi asibiti a ranar, a yi addu'ar a hanya. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware.

Yarinyar nan yayarta ce ta raka ta wurin likita. Yanzu tana samun barci, ta koma ƙungiyar mawaƙa. Har yau in babur ya wuce tana ɗan zabura, sai ta dafa ƙirji ta ƙirga numfashi, ta ci gaba da abin da take yi.