Ofishin 'Yan Mazan Jiya Ya Sauko Unguwa

A gwamnatin Kamaru akwai kujerar da ba kasafai ake jin sunanta a majalisun hira na Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa a Yawunde, ba. Ita ce ta ƙaramin minista a ma'aikatar tsaro mai kula da 'yan mazan jiya da waɗanda yaƙi ya rutsa da su, wadda aka ɗora Koumpa Issa a kanta a watan Disamba na 2011. Aikin mai wannan kujera shi ne bin haƙƙin sojan da ya tuɓe kaki: fanshonsa, maganinsa idan ya dawo da rauni, sana'ar da zai kama, da halin da iyalinsa za su shiga idan ya kwanta dama. Hukumar ONACAM ma don waɗannan mutane aka kafa ta.

Wasu na ganin kujerar ɓarnar kuɗi ce, tunda ga ministan tsaro. Amma hankalin ministan tsaro yana kan sojan da ke bakin daga, kuma tarihi ya nuna abin da ke samun wanda ba shi da mai tsaya masa. 'Yan Kamaru sun bi Leclerc, hafsan sojan Faransa, tun 1940 suka yi wa Faransa yaƙi, sai ga dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai 2011, bayan ƙasa ta rufe idon akasarinsu. Yau kuma jerin masu haƙƙi ƙaruwa yake yi: daga rikicin Bakassi, zuwa yaƙin Boko Haram da aka shelanta a 2014, zuwa tashin hankalin yankunan masu Turancin Ingilishi.

Inda nake ganin gyara shi ne nisan da ke tsakanin ofis da masu haƙƙi. Matar da mijinta ya faɗi a fagen daga a Kolofata ko Fotokol, ta dawo gidan dangi a Briqueterie da marayu, Hausa ko Fulatanci take ji, takardun kuwa da Faransanci suke. Tana cikin babban birni, amma idan babu mai yi mata jagora, haƙƙinta zai kwana cikin fayil. Haka 'yan sa-kai na Arewa Mai Nisa da suka tare 'yan ƙunar baƙin wake da jikinsu. Ba su da lambar soja, amma wa zai ce yaƙi bai rutsa da su ba? Za a ce baitulmali ba zai ɗauki kowa ba. To, a fara da abin da ba ya cin kuɗi mai yawa: rajista, tafinta, da ranar da jami'ai za su zauna a unguwa suna karɓar koke.

Masu unguwanni da limaman Briqueterie sun san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Su rubuta sunaye su kai wa ƙaramin ministan, shi kuma ya turo mutanensa.